Amsa: Na'urar pH ta hannu za ta iya auna tsamin teku?

Malam, ka tambaya ko ƙaramar na'urar pH ta hannu (pH ma'aunin tsami ne: in ya sauka, tsami ya ƙaru) ta isa a auna tsamin ruwan teku don ma'auni na 14.3.1 na muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke bibiyar tsamin teku. Gaskiya ba ta isa ba. Hukumar UNESCO mai kula da tekuna, wadda ke tattara alƙaluman, tana so a auna aƙalla biyu cikin ma'aunai huɗu na sinadarin kabon da ke ruwan, haɗe da zafi da gishirinsa, a tashoshi tsayayyu, ana maimaitawa shekara da shekaru.

Dalili kuwa, sauyin ƙanƙane ne. Tun farkon zamanin masana'antu pH na saman teku ya sauko daga kusan 8.2 zuwa 8.1 kacal, amma wannan ɗan taƙin ƙarin tsami ne na kusan kashi 30 cikin ɗari. Kuskuren na'urar hannu kaɗai yakan kai wannan taƙin na 0.1. Na taɓa gwadawa a bakin kogi inda yake shiga teku: awon safe daban, na la'asar daban, don tsirran ruwa na zuƙe iskar kabon da rana. Shi ya sa ake dogara da tashoshi irin ALOHA ta Hawai, da ke awo tun 1988.