Tambaya da Amsa: Gidan Farko, Filin Awon Igiya Ko Kango a Cikin Gari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Kano, ina zaune da iyalina a gidan haya, kuma kusan kowace shekara sai mai gida ya ƙara kuɗi. Na tara ɗan abin da ya samu ta hanyar adashi da kasona na gadon mahaifinmu. Wani dillali ya nuna mini filin awon igiya mai rahusa a wajen Janguza, wani kuma ya nuna mini kango da aka kai linta a cikin gari, amma ba zan iya sayensa ba sai na ci bashi. Wanne ya fi dacewa da ni? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya sanya albarka a abin da ya bari. Kafin ka auna farashin fili da na kango, ka fara auna takardunsu, domin a nan ne akasarin masu sayen gidan farko suke yin asarar da ba ta dawowa. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Filaye a 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum yake samu shi ne izinin mallaka, wanda galibi na shekara 99 ne, kuma shaidarsa ita ce takardar da jama'a suke kira C of O. Idan mai irin wannan takarda zai sayar maka, doka ta buƙaci a nemi amincewar gwamna kafin sunanka ya maye gurbin nasa. Takardar ciniki da mai unguwa da shaidu suka sanya wa hannu tana da amfani ƙwarai, amma ba ta kai matsayin waccan ba.

Filin awon igiya gona ce da mai ita ya yanka fuloti-fuloti ba tare da tsarin hukuma ba, shi ya sa yake da sauƙin kuɗi. Unguwanni da yawa a Kano ta haka suka kafu, saboda haka ba na cewa ka guje shi baki ɗaya. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ɗauki safiyo ya auna filin, ya fitar da lambobin wurin, sannan a kai su KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta Jihar Kano, a bincika ko gwamnati ta riga ta ware wurin domin hanya, makaranta ko maƙabarta, ko kuma an taɓa ba wani shi. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya nuna yadda gini yake salwanta idan aka samu saɓani kan asalin filin. Ka kuma tambayi dagaci da maƙwabtan gonar tarihin wurin, idan gonar gado ce ka tabbatar an raba gadon, kuma dukkan magada, har da mata, sun amince da cinikin a rubuce. Ka koma wurin bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi a watan Agusta ka ga inda ruwa yake kwanciya, domin fili a rani ba ya nuna aibinsa.

Kangon kuwa yana buƙatar duk wannan bincike, da ƙarin abu biyu: izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, da injiniyan da zai duba fandisho, da ingancin bulo da rodin da aka sa. Ka tambayi dalilin da ya sa mai shi ya tsaya, ka kuma tabbatar ba a jinginar da takardar a banki ba. Ka lissafa kuɗin ƙarasawa da farashin yau, tunda buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama a farkon 2024, kuma rufi, wayoyin lantarki, ƙofofi da fulasta sukan ci kuɗin da mai kallon bango tsaye ba ya zato.

Game da bashi, ka duba takardar albashinka, za ka ga ana cire kashi 2.5 cikin ɗari zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda FMBN, bankin ba da rancen gidaje na gwamnatin tarayya, yake kula da shi. Masu zubi suna da damar neman rance a kan ruwan kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin lokacin da zai iya kaiwa shekara 30, sai dai ana neman ingantacciyar takardar mallaka a matsayin jingina, abin da filin awon igiya ba shi da ita. Wanda yake gudun kuɗin ruwa saboda addini zai iya tuntuɓar bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa irin su Jaiz da TAJ, ya nemi bayanin tsarin ijara, inda banki yake sayen gida, mutum yana biyan haya har ya mallake shi. Ra'ayina, ga mai albashi ɗaya da iyali, fili mai tsaftataccen asali da zai gina ɗaki biyu da banɗaki ya tare a ciki, ya ci gaba da ƙari sannu a hankali, ya fi kangon da biyan bashinsa zai haɗu da kuɗin haya a wata guda.

Tambaya: Ni 'yar kasuwa ce a Zariya, mun riga mun mallaki gidan zama. Ina so in sayi gida in zuba 'yan haya, amma ban san ta inda zan fara ba.

Amsa: Hajiya, ki fara da lissafi. Ki raba kuɗin hayar shekara da farashin gidan: idan gida ya kai naira miliyan 30 amma hayarsa miliyan ɗaya da rabi ce, to kashi 5 cikin ɗari ke nan, sai bayan shekara 20 uwar kuɗi za ta dawo, ba a ma cire gyara, la'adar dillali, harajin ƙasa da watannin da ɗaki zai zauna ba kowa ba. A shekarar da hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari kamar 2024, ribar gaske tana cikin tashin darajar wurin, don haka unguwa ta fi fenti muhimmanci. A Zariya, ƙananan ɗakuna masu banɗaki a ciki a wajen Samaru da Kongo ba sa rasa ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello, matuƙar akwai ruwa da tsaro. Ki bincika takarda a KADGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta Jihar Kaduna, ki sa lauya ya rubuta yarjejeniyar haya da kowane ɗan haya, kuma ko da miji ko ɗan'uwa ne zai wakilce ki wajen ciniki, ki tabbatar sunanki ne a kan kowace takarda, ki kuma biya ta banki domin a samu shaidar biya.