Ga 'yar'uwar da gwiwa ke neman raba ta da tukunyar sadaka

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da na karanta tambayarki bayan la'asar na kasa taɓuka komai, sai na ce bari in zauna in rubuta miki ko da zai yi tsawo, sauran 'yan gida ku yi haƙuri da ni. Kin ce shekararki 47, duk daren Juma'a kina dafa wa matan nan da rusau na unguwannin Jidda ya bari a waje, masu kwana a kangwaye da ƙarƙashin kubri, wato gada. Yanzu gwiwa ta ƙi, baya ya riƙe, ƙiba sai ƙaruwa take, likita ya ce sukarinki ya kusa tsallaka iyaka, maigida kuma ya ce ki ajiye tukunya, ke kuwa gani kike in kin bari kin juya wa bayin Allah baya. Ƙanwata, labarina kika ba da. Na girme ki da 'yan shekaru, kuma ni sai da ƙasa ta karɓe ni kafin in san abin da nake ciki.

Mu ma a 2022 muka fara, bayan an rushe unguwannin Sabil da Karantina da Gulel. Kun san yadda aka watse. Mu da Allah Ya sa muka samu shigga, wato gidan haya a bene, muka raɓa, duk da haya ta ninka, sai muka riƙa cin karo da tsofaffin da muka tashi muna gaishewa, masu gyaɗa da masu ƙosai, wadda ba ta da igama, takardar izinin zama, balle a ba ta haya, wadda aka haifa a nan ba ta san kowa a Kano ko Damagaram ba. Muka haɗu mu 'yan kaɗan, kowa ta kawo abin da ta samu, wannan shinkafa, wannan mai, wannan albasa daga halaga, kasuwar kayan miya. Ba mu da suna, ba mu da shugaba. A kicin ɗina ake yi don ni ke da babbar tukunya.

Sai wata Hajiya ta shigo mana. Ba zan faɗi ko wace ce ba, masu sani sun sani, Allah ma Ya sani. Ta zo da mota da direba da bakin nan nata mai zuma, ta ce ai wannan aiki ya fi ƙarfin ɓoyo, a bari ta nemo mana masu hali. Muka yi murna. Ashe waya za ta kafa wa tsofaffin nan a fuska. Tsohuwa ta miƙo hannu tana rufe fuska da gefen mayafi, ita kuma tana cewa "Mama ɗago ki yi wa masu bayarwa addu'a." Akwai wata dattijuwa da ta yi shekaru 'ya'yanta a gida suna zaton tana cikin rufin asiri, a wayar mutane suka ga uwarsu zaune kan kwali. Tun ranar ba ta sake karɓar abincinmu ba, in ta hango mu sai ta juya baya. Har gobe in na tuna ta sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro.

Kuɗi kuwa suka riƙa shigowa ta asusunta, nawa ne, ba mu taɓa gani ba. Abin da muka gani shi ne yawan kwanukan da za a dafa ya ninka, saboda hoto ya fi kyau in an jera su da yawa. Wa ke dafawa? Ni. Ita sai an gama ƙullawa take isowa da turarenta, ta ɗauki leda biyu a ɗauke ta. Ni kuwa tun azahar ina tsaye kan wuta, a hawa na uku, gidan ba lifta, in sauko da tukunya in hau in sauko. Ba na cin komai sai shayi mai sukari da Pepsi mai sanyi don in samu ƙarfi, in an dawo kusan ƙarfe ɗaya na dare in zauna in share ragowar shinkafar da ƙanzonta in kwanta a kai. Cikin watan Agusta ne, kin san zafin Jidda mai ɗanshin nan da ko numfashi sai ka yi da gaske, ina saukowa da tukunya na ji matakala tana juyawa. Ban san sauran ba. Harisin gidan, wato maigadi, shi ne ya kira yarana. Miyar ta ƙona min cinya, tabon yana nan. A mustausaf, ƙaramin asibiti, suka ce jinina ya hau sosai, gwajin sukarin nan na wata uku da suke ce wa tarakumi ya wuce 9.

Kin san abin da Hajiyar ta ce? Ina kwance ana wanke min ƙuna, saƙon murya ta tura wa sauran mata cewa ai dama na gaji da aikin ne na ƙirƙiro ciwo, wai har kayan abinci suna raguwa a kicin ɗina. Ni da nake cika mai da kuɗin ɗinkina! Ko sannu ba ta zo ta yi min ba. Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi ba ranar da aka rushe mana gida. Daga baya da ta ji ana maganar hukuma na bibiyar masu tara kuɗi a asusunsu, sai ta goge komai ta ce ita dama taimaka mana kawai take yi, mu ne masu abin. Na bar ta da Allah. Na ce na yafe, amma ga shi ina rubutawa hannuna na rawa, to Allah Ya sa yafiyar ta kai zuci.

Don haka abu na farko, tun kafin maganar gwiwa: kar ki yarda a tara kuɗi da sunanki ko a lambar asusunki. Ƙasar nan ta Saudiyya ba a wasa da tara sadaka ba izini, kuma mu baƙi in abu ya ɓaci tarhil ne, a tasa ƙeyarmu zuwa ƙasarmu. Mai son bayar da kuɗi ga manhajar Ihsan ta karɓar sadaka nan tun 2021, ga ƙungiyoyi masu rajista, ya bi ta can. Ke ki tsaya kan abincin da kika dafa kika kai wa maƙwabciya da kika sani. Waya kuma a jaka.

Ke taki tarakumin ba ta kai 6.5 ba tunda likitan ya ce kina bakin iyaka, wato tsakanin 5.7 da 6.4 kike. Ki gode wa Allah, a nan ana iya juyawa baya. Ni da na riga na wuce, ƙwaya ce safe da yamma. Abin da ya fara sauko min da shi ba wani abin kuɗi ba ne, lemon kwalba na bari gaba ɗaya, gwangwani ɗaya kusan cokalin shayi tara zuwa goma na sukari ne a ciki. Shayi kuma na riƙa rage sukarin kaɗan-kaɗan har harshena ya saba. Sannan ranar girki ki ci abinci kafin ki kunna wuta, ki ci na gaske, ƙwai ko ful, wato dafaffen wake, da rabin gurasar tamis da laban, wato nono, ki ajiye gorar ruwa kusa da ke. Yunwar da kike tarawa tun rana ita ce ke sa ki afka wa shinkafa da tsakar dare. Ragowar nan ki ƙulle ta ki ba haris ko direban da ya kai ku, kar ta kwana a gidanki.

Tafiya kuma, na san za ki ce ai ina wuni a tsaye. Haka na ce wa likitar, ta yi dariya. Tsayuwa wuri ɗaya kumbura ƙafa take yi, ba ta motsa jini. Abin da ake so minti 150 a mako, wato rabin awa kwana biyar, tafiyar da za ki ji numfashinki ya ɗan ɗaga amma kina iya magana. Ni bayan asuba nake fita ni da maƙwabciyata, a mamsha, hanyar masu tafiya a ƙasa da ke kusa da mu, ranar da yara suka samu mota mu je Kurnish bakin teku. In zafi ya yi yawa mu shiga babban kanti mai mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, mu yi ta zagaye, ba mai tambayarki me kika saya. Da minti goma na fara, ina tafe ina tsayawa. Ki sayi takalmin tafiya mai taushi ko na gwanjo ne, silifas ɗin nan namu su ke ƙarasa gwiwa. Bayan cin abincin dare ma ki ɗan taka na minti goma ko a cikin falo, yana rage hawan sukarin. Ranar da na san na samu sauƙi ita ce ranar da na yi sa'ayi da ƙafata ban nemi keke ba, kin san tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita uku. Umarar da ta gabace ta tura ni aka yi.

Ita gwiwa, likitar ta ce min duk kilo ɗaya da na sauke kamar na ɗauke mata kilo huɗu ne a kowane taku. Ba sai kin koma budurwa ba, kilo biyar ma za ki ji bambanci. Ki zauna kan kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma, ki huta ki sake, yana ƙarfafa naman cinya ya riƙe gwiwar. Amma in ta kumbura ko tana ɗaukar zafi ki bari a duba tukuna. Kuma don Allah ki daina haɗiyar maganin ciwon jiki na saidaliyya, wato kemis, kullum ba da sanin likita ba, musamman in jininki na hawa, ƙoda yake taɓawa. Ki sa a duba miki sinadarin bitamin D, mu nan rana ta yi yawa amma ba ta ganin jikinmu, da yawanmu ciwon ƙashin nan daga nan ne. Shekarun ɗaukewar al'ada ma suna kawo nasu, tumbi ya fito ko ba ki ƙara ci ba, kar ki ɗauka ke kaɗai ce.

Af, babbar tukunyar nan ki rabu da ita. Jaki ma in kaya ya fi ƙarfinsa kwanciya yake yi. Ƙanana biyu ko uku, a gidaje daban-daban. Mu yanzu karɓa-karɓa muke yi, wannan makon gidan wance, mako mai zuwa gidan wance, samarin gida su ke saukar da kaya. Yankan albasa da ƙulli a zaune nake yi kan tebur. Wani malami ya tuna mana da mutanen Suffa, matalautan da ke kwana a masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina, ya ce ba gida ɗaya aka ɗora wa ciyar da su ba, cewa aka yi mai abincin mutum biyu ya tafi da na uku. Ya kuma kawo abin da aka faɗa wa Abdullahi ɗan Amru da ya matsa wa kansa da ibada, cewa jikinka yana da haƙƙi a kanka. Da na ji wannan tun farko da wata ba ta mayar da ni baiwarta da sunan lada ba.

Kuma ba dole sai shinkafa da kaza ba. Tsofaffin nan da yawansu sukarin ne da su su ma, wasu ba haƙora. Miyar adas, wani ƙanƙanin wake mai laushi, dafaffen ƙwai, laban, burodi da ruwa sun fi musu amfani, sun fi miki sauƙi. Shinkafa a rufe cikin zafin nan awa kaɗan take lalacewa, su kuma ajiyewa suke yi don gobe, ba firji. Akwai makon da ba ma dafa komai, sabulu muke kaiwa da audugar mata da man shafawa da mayafi wankakke. Ki tambaye su abin da suke so, za ki sha mamaki. Wata cewa ta yi in kira mata ɗanta kawai ta ji muryarsa. Wadda kuma ta gaji tana son komawa gida, a raka ta ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarta a nemi takardar tafiya, wannan ya fi kwano dubu.

Maigidanki kuma kar ki ɗauke shi abokin gaba, tsoro yake ji, nawa ma sai da ya rantse ba za a sake kunna wutar sadaka a gidansa ba bayan faɗuwata. Lallaɓa shi na yi da takardar gwaji, duk wata uku in kawo masa ya ga lambar tana sauka, har ya sassauta. Ki ce masa ya ba ki wata uku, girki sau ɗaya a wata a gidanki, sauran makonni a wasu gidajen, ke kuma ki riƙe tafiyarki. In za ki iya jan shi ku riƙa fita tare ma ya fi, mazan nan namu tumbinsu ya fi namu.

Ki yi min magana ta gefe in ji wace unguwa kuka koma, in kusa ne mu saka ki cikin karɓa-karɓarmu. Wadda kuma ke da keken jan kaya irin na kasuwa da ba ta amfani da shi ta taimaka ta yi magana, namu ƙafarsa ɗaya ta karye tun makon jiya.