Amsoshin Wasiƙunku: Raba Aure a Kotu da Takardar Saki

Wata baiwar Allah daga Zariya ta ce mijinta ya shekara biyu bai kawo ko mudun masara ba, kuma ya ƙi sakinta. Tana tambaya ko sai ta mayar da sadaki kafin ta rabu da shi.

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Mayar da sadaki sha'anin khul'i ne, inda mace ke fansar kanta ba tare da ta tabbatar da laifin miji ba. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu ke bi, rashin ciyarwa da cutarwa dalilai ne da alƙali zai iya raba aure a kansu ba tare da kin biya ko kwabo ba, muddin kin kawo shaidu. Ki je da waliyyinki da maƙwabtan da suka san halin da kike ciki.

Sai dai ki yi hattara da mutanen nan da ke zaune a kan benci a bakin kotu, riƙe da tsohuwar jaka, waɗanda da ganin mace cikin damuwa sai su taso da "Hajiya, me aka zo yi?" Wasu za su karɓi kuɗinki su ba ki takarda mai hatimi wadda ba ta da lambar ƙara, ba ta kuma cikin rajistar kotu, kuma ba za ki gane jabu ce ba sai ranar da sabon manemi ya fito, tsohon miji ya ce har yanzu da igiyarsa a kanki. Ki shigar da ƙara a ofishin magatakarda, ki karɓi rasit a kan duk abin da kika biya, bayan hukunci kuma ki nemi kwafin da alƙali ya sa wa hannu. Ranar da ke jikinsa za ta taimaka wajen lissafin idda, wato tsarki uku, ko haihuwa ga mai juna biyu.

Wani daga Gusau ya cika saki uku, yanzu yana tambayar nawa ya kamata ya biya ɗan kisan wuta. Malam, ko sisi. Auren da aka ƙulla don a halatta maka ita ɓatacce ne, kuma ba ya halatta ta.