Na sayi injin tarhon biro na hannu, yaya zan haɗa shi?

Tambaya: Malam, na sayi tsohon injin raba layukan tarho na Panasonic a kasuwar Dole tare da tarho shida, ina so in kafa shi a bironmu, amma babu takardar bayani, kuma mai sayarwa bai san kansa ba. Ta ina zan fara?
Daga wani mai karatu, unguwar Zango, Damagaram.

Amsa: Malam, kada ka jona shi da kuran tukuna. Duba ƴar takardar da ke manne a jikinsa, domin a nan aka rubuta lambar samfuri da ƙarfin wutar da yake ɗauka. Wutarmu volt 220 ce, kayan da aka ƙera domin Amurka kuwa 110 zuwa 120 suke sha, kuma jona irinsu kai tsaye ƙona su ne nan take.

Idan lambar KX-TES824 ce, asalinsa yana karɓar layi 3 na waje da tarho 8 na ciki, ana kuma iya ƙara masa katunan da za su kai shi layi 8 da tarho 24. Ramukan da aka rubuta wa CO na layin waje ne, wato na Niger Telecom, sauran kuwa na ɗakunan biro ne.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wajen waya. Tarho na gama-gari silli biyu na tsakiyar filogi sun ishe shi, galibi ja da kore. Amma tarho irin KX-T7730 mai allo da maɓallai masu fitila sai da silli huɗu, saboda baƙi da rawaya na gefe su ne ke kai saƙo tsakaninsa da injin. Idan aka bar su allonsa ba zai kama ba, kuma sau da yawa a kan haka ake zargin ɗan kasuwa da sayar da mataccen kaya. Wannan tarhon a rami na farko za ka sa shi, mai lamba 101, tunda daga nan ake saita injin. Kifa kowane tarho ka karanta lambarsa, domin KX-T7630, duk da kamanninsu, ba ya aiki da wannan injin.

Gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan tebur da gajeriyar waya kafin ka huda bango. Ka nisanta wayar tarho da ta kuran saboda ƙugi, ka sa wa injin na'urar daidaita wuta, sannan ka haɗa masa wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa kafin damina, domin ta layin waje tsawa ke shiga.