Kunyar 'yar fari da cokalin kunu

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso ni. Ka ce 'yarka, amaryata, ta kusa cika wata shida, kuma ranar da ka raka maiɗakinka awo, ma'aikaciyar likita ta ce ku fara shirin ba ta abinci, har ta dube ka ta ce kai ma ka riƙa zama kana ba ta da hannunka. Da maganar ta kai kunnen mahaifiyarka, ta ce ba a taɓa yi ba a gidanmu, 'yar fari ce, ina aka taɓa ganin namiji da ƙoƙo da cokali. Kana so ka ji ko al'ada ta hana, ko kuwa addini ya faɗi wani abu a kai.

Mahaifiyarka ba ƙarya ta yi ba. Ni na girme ta, kuma abin da ta gani shi na gani. A gidan da muka tashi, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa gaban iyayensa ko surukansa, ba ya yabonsa, in yaro ya faɗi yana kuka sai ya kau da kai kamar bai ji ba. Uwar ma haka take yi, har ta fi shi. Amma ka tuna wane irin gida ne. Gidan gandu ne: kaka tana nan, gwaggo tana nan, ga matan 'yan'uwa, ga 'yammatan gida masu rububin goyo. Ma'aurata kuma yara ne, haihuwar fari a gidan iyayenta mace ke yi, ta yi wankan jego na kwana arba'in, wani lokaci ta daɗe fiye da haka kafin ta dawo. In uba ya ja da baya, yana ba manya wuri ne, yana nuna musu cewa ɗan nasu ne, kuma hannuwa da yawa ke jiran su karɓa. Yaro bai rasa komai ba.

Kai kuwa haya kake a unguwar Ali Ɗan Sofo cikin garin Maraɗi, daga kai sai maiɗakinka sai jinjira. In ka ja da baya babu kakar da za ta matso. Ita kaɗai za ta yi girki da wanki, ta dama kunu, ta lallashi yarinya ta sha, kuma mai gajiya ba ta da haƙurin zama da cokali. Kunyar da muka gada ta idon manya ce. Ban taɓa jin wani dattijo ya ce ta bi mutum har cikin ɗakinsa, ta hana shi ciyar da abin da ya haifa ba. Saboda haka ka riƙe ta inda take da muhalli: gaban mahaifiyarka da surukanka kada ka kira sunan yarinya, ka bar musu ita su yi wasansu. A gidanka kuma ka zauna kan tabarma ka ɗora ta a cinya.

Ta fuskar addini ma maganar ba ta da tsawo. Ya tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya sumbaci Hasan, Aƙra'u ɗan Habis ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. A Suratul Baƙara, aya ta 233, an ce uwaye su shayar shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, aka kuma ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uba. To, wanda aka ɗora wa wannan, tun farko yana cikin maganar abincin jinjiri, ko ya riƙe cokali ko bai riƙe ba.

Nan ne nake so ka tsaya ka saurare ni, don nan ne mu maza muke ɓoye bayan al'ada. Wa ke riƙe da rumbu? Wa ke ba da kuɗin cefane? Jihar Maraɗi ita ke noma hatsi da wake da gyaɗa har a kai wasu jihohi, amma a 2005, lokacin da yunwa ta yi tsanani, nan ne sansanonin tamowa suka fi cika, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka karɓi dubban yara a cikin gari da ƙauyukan kewaye. Kana yaro lokacin. Har yau kuma duk damina, in tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro, gadajen yara a Madarunfa da sauran wurare cika suke yi. Yawancinsu 'yan wata shida ne zuwa shekara biyu, wato daidai shekarun da amaryata za ta shiga yanzu. Ba duka ne daga gidan da babu suke fitowa ba. Akwai magidancin da zai sayar da buhun wake, ya tsaya wurin mai tsire ya ci nasa shi kaɗai, ya share baki, a gida kuma jinjiri yana shan tsinkakken kunun hatsi zalla safe da yamma. In ka ce masa ya sayo ƙwai ɗaya sai ya ce wannan harkar mata ce. Ni ban ga kunya a nan ba.

Ga abin da ya sa aka tsayar da wata shida. Kafin nan nonon uwa ya ishe ta komai, har da ruwa, don mafi yawan nono ruwa ne. Ko a zafin watan Afrilu ba ta buƙatar a ɗura mata na randa, shi ne ma ke kawo zawo. Haka bauri da sauran jiƙe-jiƙen da ake ba jarirai. Daga wata shida kuma jikinta ya fi ƙarfin nono shi kaɗai, musamman sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, wanda ta zo da ajiyarsa daga ciki kuma yake ƙarewa a wannan lokaci. Za ka ga ta fara zama in an tallafe ta, wuyanta ya tsaya, tana bin loma da ido. Nono dai ba a dainawa, ƙari ake yi masa.

Cikinta bai wuce ƙaramin kofi ba, don haka duk abin da zai shiga sai ya zama mai amfani. Kunu ya yi kauri yadda in an karkata cokali ba zai zube nan take ba. Tsinkakke cika ciki kawai yake yi da ruwa. A fara da cokali biyu ko uku, sau biyu a yini, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har ta kai rabin kofi sau biyu zuwa uku. Daga wata tara a koma sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar ayaba ko mangwaro nunanne ko dafaffen dankali da aka murje. Garin kunun kuma kada ya zama hatsi kaɗai. A soya wake ko waken suya da gyaɗa sama-sama, a cire ɓawo, a niƙa tare. Gyaɗar ka zaɓe ta da kanka, duk wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar, tana da dafi. In ba lokacin haɗawa, akwai haɗaɗɗen garin kunu mai suna Misola, shi ma hatsi ne da waken suya da gyaɗa. A ɗiga ɗan man gyaɗa, a barbaɗa garin zogale da aka shanya a inuwa, ko garin busasshen kifi da aka tace ƙaya. Kabewa da karas da ganye a dafa su lugub. Hanta ita ce gaba wajen ƙara jini: ko 'yar kaɗan ka karɓo wurin mahauci, a dafa a murje mata, ta yi aiki. Gishiri da sukari da dunƙulen miya a ja musu birki, harshenta bai san su ba, ba ta kuma nema.

Maganar ƙwai na san za ta taso. Mu ma an ce mana yaron da ya ci ƙwai ɓarawo zai zama. Ina zaton masu kaji ne suka ƙirƙiro ta don a bar musu ƙwai ya ƙyanƙyashe. Ka ba ta, dafaffe sosai. Da damina ƙwan zabi yana araha a bakin titi, kada ya wuce ka. Abin da za ka hana shi ne zuma kafin ta cika shekara, duk da darajar da muke ba ta, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jinjiri ba ya iya kashewa, ta sa jiki ya saki har numfashi ya gagara. Gyaɗa guda-guda da duk wani abu mai tauri ko dunƙule suna shaƙe yaro. Shayin da kuke dafawa a fada, wurin hirarku, shi ma kada ka ɗanɗana mata don wasa, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen nan. Furar kasuwa da ba ka san ruwan da aka dama ta da shi ba, a bari tukuna. Wanke hannu da sabulu, naka da nata, da ƙoƙonta na kanta wanda ba a haɗa ta da manyan yara, kada ka raina su.

Akwai al'ada ɗaya da nake so ka tsaya a kai da ƙafa biyu, ko da wa ya kawo ta: ɗura. Ka san yadda ake yi, a kwantar da yaro a cinya, a tara kunu a tafin hannu, a toshe masa hanci, in ya buɗe baki neman iska ya haɗiye. Iyayenmu mata sun yi ta ne don aiki ya yi musu yawa, ga daka ga ɗiban ruwa ga gona, ba su da lokacin lallashi. Amma kunun yana iya bin hanyar iska ya sauka a huhu, ya zama ciwon haƙarƙari, wani yaron ma nan take yake tafiya. Wanda ya tsira kuma yakan tashi yana tsoron abinci. Maganin ɗura mutum ne mai lokaci da haƙuri, kuma a gidanka kai ne mutum na biyu. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka riƙe cokali.

Ka zaɓi lokaci ɗaya ya zama naka, ko da safe kafin ka fita kasuwa, ko bayan la'asar. Wayar nan a ajiye ta. Ka zaunar da ita a miƙe tana fuskantarka, ka kai cokali kusa da baki ka jira ta buɗe da kanta. Za ta tofar, za ta shafa a fuska, za ta kama cokalin ta ɓata maka riga. In ta kau da kai ko ta rufe baki, ta ƙoshi, a bar ta. Sabon abu in ta ƙi yau, a sake kawowa bayan kwana biyu. Yaro yakan ƙi abu sau da yawa kafin ya karɓa. Ka riƙa yi mata magana, ka yi mata bisimilla da ƙarfi, ka faɗa mata sunan abin da take ci. Kada ka ga kamar ba ta ji, da haka harshe ke shiga. Ba za a daɗe ba za ka ga tana zillo in ta ji muryarka daga zaure. Yaron da ya saba da cinyar ubansa tun yana jinjiri, in ya girma yakan iya zuwa ya faɗa masa damuwarsa. Da yawa daga cikin tsararmu sai ta bakin uwa muke aika wa iyayenmu maza saƙo, kuma ba abin da zan so maka ba ne.

Wani amfanin kuma, mai ba da abinci shi ke fara gane ciwo, don cin yaro ne ke fara raguwa. In ta yi zawo kada a ce haƙora ne a zauna. A ci gaba da nono da abinci, a ba ta ruwan gishiri da sukari na likita da ƙwayar zinc. In ga zazzaɓi, ko ta ƙi nono, ko ƙafafu sun kumbura, a tafi a ranar. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin ganin likita ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ko da yake wani lokaci za a rubuta maka magani ka saya a waje, don haka ka riƙa ajiye 'yan jikkuna saboda irin wannan rana. A wata shida za a ba ta bitamin A, a wata tara akwai allurar ƙyanda, da damina kuma masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi suna bi gida-gida. Ka roƙi a nuna maka zaren awon damtse: kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja a kai ta nan da nan. Katin awo ka san inda yake.

'Yan fada za su ce maka mijin-ta-ce. Ka yi dariya ka wuce. A Damagaram aka fara makarantar mazaje da taimakon UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, magidanta masu mutunci suna zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a likita da lafiyar yara, abin ya bazu zuwa wasu jihohi, ban ji rawanin kowa ya faɗi ba.

Mahaifiyarka kuwa kada ka je mata da "likita ta ce", shi ne zai sa ta ji an raina abin da ta sani, ita da ta raine ku duka. Ka sayi hatsi da wake da gyaɗa ka kai mata, ka ce kuna so ita ta haɗa wa jikarta garin kunu don hannunta ya fi. Cokalin farko ma a bar mata, ta yi bisimilla ta sa albarka. Maganar ɗura da ƙwai ka bar ni da ita, ƙanwata ce, ranar Juma'a in na sauko daga masallaci zan biya. Yaye kuma da sauran lokaci, amma ka riƙe wannan tun yanzu: ko da maiɗakinka ta samu ciki tana goyo, nono ba ya lalacewa, kada a fizge yarinya dare ɗaya a kai ta gidan kaka. In lokacin ya zo ka sake tuntuɓata.

Ka gaida maiɗakinka. Ka ce wa amaryata angonta yana nan tafe da ƙwan zabi, in ta ƙi ci na fasa auren.

Kawunka.