Bara Na Sha Maganin Lafiya Lau, Me Ya Sa Bana Jikina Ya Ƙi Shi?

Tambaya: Likita, bara na sha amoxicillin ba abin da ya same ni. Makon jiya da na sake sha, ko rabin awa ba a yi ba borin jini ya feso min, leɓena ya kumbura. Ko jabu aka sayar min?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malama. Ba lallai jabu ba ne. Alamun da kika faɗa sun fi nuna garkuwar jikinki ce ta ɗauki maganin a matsayin abokin gaba.

Amoxicillin dangin penicillin ne. Idan ya shiga jini yakan manne wa wasu sinadaran furotin na jiki, ya sauya musu kama. A jikin wasu mutane garkuwa sai ta ƙera wa wannan baƙuwar kama makami na musamman, wanda likitoci ke kira IgE, ta ɗora shi a kan wasu ƙwayoyin halitta da ke fata, maƙogwaro da hanji. Duk wannan yana faruwa ba tare da kin ji komai ba, shi ya sa shan bara ya wuce lafiya. Da maganin ya dawo, sai waɗannan ƙwayoyin halittar suka saki sinadarin histamin a lokaci guda. Shi ke buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsattsafo cikin fata, a samu ƙaiƙayi da kumburi.

Kumburin leɓen nan shi ya fi damuna. Wani karon yana iya sauka maƙogwaro, numfashi ya sarƙe, jini ya yi ƙasa cikin mintuna. Idan haka ta faru Piriton ba zai wadatar ba, allurar adrenaline a cinya ake buƙata, a garzaya asibiti.

Akwai kuma nau'in da ke jinkiri, kwanaki ko makonni, kamar wanda Septrin ko Fansidar kan jawo: zazzaɓi, gyambon baki, jan ido, fata na saluɓewa. Wannan ma na gaggawa ne. Shi kuwa ƙaiƙayin chloroquine da ya addabi mutanenmu da yawa, galibi ba ta wannan hanya yake zuwa ba.

Kada ki sake shan amoxicillin, ko 'yan uwansa ampiclox da Augmentin, sai likita ya duba ki. Ki rubuta sunan maganin a katinki na asibiti, kuma ki faɗa wa duk wanda zai ba ki magani ko ya yi miki allura, har da mai kemis na unguwa.