Yadda za ka gane rumman ya isa cira

Malam, ka tambayi yadda ake sanin rumman ya nuna. Kada jan ɓawo ya ruɗe ka, wani irin ko ya nuna ruwan ɗorawa yake zama. Daga fure zuwa nuna yakan ɗauki wata 5 zuwa 7. Nunanne yakan yi nauyi, gefensa ya yi kusurwa-kusurwa saboda 'ya'yan sun cika da ruwa sun turo ɓawon, in ka ƙwanƙwasa ka ji amo kamar na ƙarfe. Amma fasa ɗaya ka ɗanɗana tukuna, domin ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi. Yanka da almakashi, kada ka fizge. Wanda ya tsage, galibi ruwa ya sha da yawa bayan ƙishi. Cire shi nan take kafin ya ruɓe.